Yadda ake yin hutu a tsohon birnin Fas da garuruwan da ke kewaye da shi

Yawancin mutanenmu da suke zuwa Fas ta ƙasar Maroko ziyara ce take kai su. A sauka a otal can sabon gari, mota ta kwaso jama'a a kai su zawiyar Shehu Tijjani, a yi addu'a, a shiga kasuwa a sayi jallabiya da turare, shikenan an dawo ana cewa an je Fas. Ba laifi, Allah ya karɓi ziyara. Amma gaskiya wanda ya yi haka ya taka garin ne kawai, bai gan shi ba, saboda Fas ta ainihi tana cikin ganuwa ne inda mota bata shiga, kuma sai ka kwana a ciki ka tashi a ciki kafin ka gane kanta. Toh ga yadda zaka tsara abin, ko ziyara ce ta kai ka ko hutu kawai kai da iyali. Ka ware mako guda in da hali, kwana uku cikin ganuwa, uku a garuruwan kewaye, ɗaya na sayayya da hutawar ƙafa, don wallahi ƙafa zata sha aiki.

Da farko lokaci. Kar ka ce ai mu 'yan rana ne ka tafi a Yuli ko Agusta, zafin yakan haura digiri 40 kuma yawon duk hawa da gangara ne a ƙafa. Disamba da Janairu kuma sanyi ne da ruwan sama, ga tsofaffin gidajen an gina su ne don su riƙe sanyi, in babu na'urar ɗumama ɗaki zaka kwana kana karkarwa. Maris zuwa Mayu, ko Satumba zuwa farkon Nuwamba, su ne daidai. Agogonsu ba kullum yake daidai da na Najeriya da Nijar ba, ka kula da wannan kar jirgin ƙasa ya tafi ya bar ka.

Sai takardu da kuɗi. Mai fasfon Najeriya sai da biza, ofishin jakadancin Maroko yana Abuja, ka nema da wuri ba sai tafiya ta ƙarato ba, kuma ka tanadi shaidar masauki da tikitin dawowa. In da matarka zaka tafi ka saka kwafin takardar aure a jaka, ba nauyi gare ta ba, wani masaukin yakan tambaya. Kuɗinsu dirhami ne, naira bata canzuwa a can, don haka dala ko yuro zaka riƙe ka canza kaɗan a filin jirgi sauran a cikin gari. Cikin tsohon gari kuɗi hannu ake so, kati sai a manyan shaguna. Ka sayi layin waya tun a filin jirgi, Maroc Telecom ko Orange ko Inwi, sannan soket ɗinsu mai huji biyu zagaye ne irin na Faransa, 'yan Nijar ba ruwansu amma ɗan Najeriya sai ya tafi da adafta. Kuma ka ƙunsa yajinka. Abincinsu yana da daɗi amma ba sa sa barkono, kwana biyu zaka fara jin bakinka salam.

Hanya kuma yawanci ta Kazablanka ce, Royal Air Maroc yana tashi daga Legas da Yamai. Kana fitowa daga wajen ɗaukar kaya tashar jirgin ƙasa tana nan ƙarƙashin filin jirgin, ka hau zuwa tashar Casa Voyageurs, daga nan ka canza zuwa na Fas, tafiyar wajen awa huɗu ce ta Rabat da Miknas. Kamfanin jirgin ƙasan ONCF sunansa, ana iya sayen tikiti ta intanet. Tashar Fas a sabon gari take wanda Faransawa suka gina, don haka kana sauka kar ka ɗauka ka iso, sai ka shiga ƙaramar tasi ja, mutum uku kawai take ɗauka, ka ce ya kunna mita, ya kai ka ƙofar da ta fi kusa da masaukinka.

Nan ne mutane suke yin kuskuren da ke ɓata musu ranar farko, wato masauki. Cikin ganuwa tsofaffin gidajen attajirai ne aka maida su masauki, suna kiransu riyad ko dar, daga waje bango ne kawai da ƙofar katako amma kana shiga sai tsakar gida da famfo da tayil har sama. Kafin ka biya ka tambayi mai gidan abu uku ta WhatsApp: wace ƙofa ce mafi kusa da ku, minti nawa ne a ƙafa daga inda mota take tsayawa, kuma ɗakin a hawa na nawa yake. Matattakalarsu ƙunci gare ta ga tsayi, in da Hajiya babba ko mai ciwon gwiwa a tafiyar, ɗakin ƙasa zaka nema ba shawara. Ni dai na fi son wajajen unguwar Batha da ƙofar Bab Bujlud ga mai zuwan farko don tasi tana kaiwa kusa, wanda kuma ziyara ce gabansa ya nemi wajen Rasif, daga can zawiya ba nisa. Ka ce su turo wanda zai tare ka a ƙofa. Akwai masu kura suna jira a ƙofofin su tura maka akwati, ku yi ciniki kafin ya ɗora kaya, ba bayan ya sauke ba.

Yanzu ka fahimci yadda garin yake tukuna, in ka gane wannan rabin ɓata ya kau. Tsohon garin kamar ƙwarya yake, ƙofofi suna bakin ƙwaryar a sama, masallacin Ƙarawiyyin da kogi suna ƙasa a tsakiya. Kenan in kana gangarawa tsakiyar gari ka nufa, in kana hawa wata ƙofa zaka fita. Asali ma garuruwa biyu ne, Maulay Idris na farko ya kafa ɗaya a 789, ɗansa Idris na biyu ya kafa ɗayan a ɗaya gaɓar kogin wajen 809, mutanen Andalus suka zauna gefe guda, mutanen Ƙairawan ta Tunisiya suka zauna ɗaya gefen, kowa da ganuwarsa, sai zamanin Murabiɗai Yusuf bin Tashfin ya haɗe su. Har yau sunayen ɓangarorin biyu kenan. Ana cewa lungunan sun kai dubu tara, ni ban ga amfanin lissafin ba, abin da ya shafe ka manyan hanyoyi biyu ne da suka taso daga Bab Bujlud suka gangara, Tala'a Kabira da Tala'a Sagira. Duk inda ka rikice ka tambayi mai shago, ba yaron da ke tsaye a bakin lungu ba, ka ce masa Bujlud ko Rasif ko Ƙarawiyyin, zai nuna maka da hannu. Google Maps kuwa cikin lungunan nan shi ma kansa ɓata yake. In ka ji an yi ihu "balak" daga bayanka ka manne da bango, alfadari ne ɗauke da tukwanen gas ko fatu kuma ba zai tsaya maka ba.

Maganar samarin nan kuma, zasu tare ka, wani ya ce maka hanyar nan a rufe take, wani ya ce masallaci an kulle bi ta nan, ƙarshenta shagon fata ko na darduma zai kai ka ya karɓi la'adarsa kuma ya nemi kuɗi a wajenka. Ka ce "la, shukran" kana tafiya, kar ka tsaya gardama. In kana son ɗan jagora ka sa masaukinka su kira maka mai lasisi, suna rataye da kati a wuya, rabin yini a ranar farko ya isa, amma ka faɗa masa tun farko tarihi ka zo gani ba shaguna ba. Larabcin littafi yana aiki sosai, suna fahimta ko da su da nasu karin suke amsawa, ɗan Nijar kuma da Faransanci ya gama.

Sirrin yawon Fas a wajena shi ne ka ɗora shi kan lokutan salla. Masallatan Maroko yawanci ana buɗe su ne dab da salla a rufe bayan an idar, kuma wanda ba Musulmi ba baya shiga, shi ya sa zaka ga Turawa sun yi cincirindo a ƙofar Ƙarawiyyin suna leƙe da kamara. Kai kuwa alwala kawai zaka yi ka wuce. Toh ka tsara ya zama azahar ta same ka a can. Ka fito da hantsi daga Bab Bujlud, ƙofar nan mai shuɗin tayil ta waje kore ta ciki, ita ba tsohuwa ba ce sosai, 1913 aka gina ta. Ka kama Tala'a Kabira, 'yan taku kaɗan zaka ga makarantar Bu Inaniyya da Sarki Abu Inan na daular Banu Marin ya gina a shekarun 1350, ka biya ka shiga ka zauna ka kalli sassaƙar katako da rubutun da aka zana a bango, kar ka yi sauri. Tsallaken hanya akwai ragowar wani agogon ruwa na zamanin, tagogi ne a jere a bango da katakai sun fito, yanzu baya aiki. Ka ci gaba da gangarawa ta wajen mahauta da masu zaitun da masu kayan ƙamshi har ka iso makarantar Attarin ta 1325, ƙarama ce amma aikinta ya fi na waccan laushi, ka hau sama ka ga ƙananan ɗakunan da almajirai suke kwana.

Daga nan Ƙarawiyyin tana manne. Tarihi ya zo da cewa wata mata, Fatima al-Fihriyya, ita ta gina shi da kuɗin gadonta a 859, 'yar uwarta Maryam kuma ta gina masallacin Andalus a ɗaya gaɓar. In ka shiga ba zaka ji baƙunta ba, Malikawa ne, zaka ga masu sakin hannu, zaka ga dutsen taimama an ajiye a gindin ginshiƙi, ƙira'ar kuma Warshu ce irin ta allo. Abin da nake so kar ya wuce ka shi ne bayan magariba da bayan asuba, jama'a suna zama su karanta hizifi guda tare da murya ɗaya, kullum, su sauke a wata. Duk wanda ya yi makarantar allo zai iya bin su. Ga ɗaliban zaure kuma, mai Ajurrumiyya ɗan garin nan ne, a Fas ya rasu a 1323.

Zawiyar Shehu Ahmad Tijjani tana unguwar Bilida, tafiyar 'yan mintuna daga Ƙarawiyyin, kowa ka tambaya ya sani, kana dosowa ma zaka fara jin Hausa da Wolof da Fulatanci a shagunan carbi. Shehun a Ainu Madi ta Aljeriya aka haife shi, ya dawo Fas da zama a 1798 zamanin Sarki Maulay Sulaiman, ya rasu a 1815 aka binne shi a nan. In kana son natsuwa ka je da safe a ranakun mako, in taro kake so ka je Juma'a bayan la'asar lokacin zikiri, amma ka je da wuri don waje yana cika, mata suna da ɓangarensu. Takalminka ka sa a leda ka shiga da shi. Zawiyar Maulay Idris na biyu ita ma tana kusa, nan ne 'yan garin suke ɗauka zuciyar Fas, a lungunan da suka nufe ta akwai katako da aka gitta don dabbobi kar su wuce, sai ka sunkuya.

Ka bar majema zuwa washegari da safe lokacin da ake kan aiki. Babbar ita ce Shuwara, ana kallonta ne daga saman shagunan fata, zasu miƙo maka ganyen na'a-na'a ka kanga a hanci don ana jiƙa fatun ne da farar ƙasa da kashin tattabara kafin a rina. Kallo ba dole sai ka saya ba, ka ba mai shagon ɗan wani abu ka sauko. Wani abin dariya, fatar da Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, da yawanta fatar jan akuyar Sakkwato ce da fatake suke ƙetarawa da ita Sahara daga ƙasar Hausa. Daga majema ka biyo ta dandalin Saffarin inda maƙeran tagulla suke ƙwanƙwasa tukwane, kunne ne zai kai ka, sannan Najjarin wajen kafintoci, akwai tsohon masaukin fatake da aka maida gidan tarihin kayan katako, samansa akwai wajen shan shayi. Abincin rana ka nemi tajin, wato nama da kayan lambu da ake dafawa a tukunyar ƙasa, ko bastila wadda ita ce alfaharin Fas, nama ne cikin ɓawon fulawa an barbaɗa sukari da kirfa, wasu namu ba sa iya ci saboda zaƙi da nama a haɗe, amma ka ɗanɗana. Da safe bisara, fate ne na wake da man zaitun, arha ga riƙe ciki. Juma'a kuskus ake ci kuma shaguna da yawa a rufe suke, kar ka sa sayayya ranar.

Rana ta uku ka fita ka ga ganuwar daga waje, don daga ciki ba a ganinta. Ka fara da lambun Jinan Sabil ka wuce Fas Jadid, garin da Banu Marin suka gina a 1276, can ne fadar sarki take, ƙofofin tagullar kawai ake kallo ba a shiga, kuma kar ka ɗauki hoton masu gadi. Gefenta Mallah, tsohuwar unguwar Yahudawa, gidajensu da baranda suna kallon titi saɓanin na cikin gari. Da la'asar ka ɗauki tasi zuwa Burjul Shamal, ganuwar tsaro da Sarki Ahmad al-Mansur ya gina a 1582 yanzu gidan tarihin makamai, shi ne dai sarkin da rundunarsa ta ci Songhai a 1591. Daga nan ka taka zuwa kangon kaburburan Banu Marin a kan tudu, garin gaba ɗaya yana ƙarƙashinka, koren rufin Ƙarawiyyin a tsakiya da bangon yana bin tsauni. Ka sauko kafin duhu, wajen ba na dare ba ne.

Toh sai kewaye. In fita ɗaya kawai zaka iya, ka yi ta Miknas da Walili da garin Maulay Idris, duk a yini guda in ka yi sammako. Jirgin ƙasa zuwa Miknas bai kai awa ɗaya ba, tashoshi biyu ne a garin, ta Amir Abdulƙadir ta fi kusa da cikin gari. Shawarata kar ka tsaya Miknas da safe, ka wuce Walili tukuna kafin rana ta ɗaga don can babu inuwa ko ta sisi. Manyan tasi na tsakanin garuruwa mutum shida suke ɗauka kuma sai sun cika suke tashi, in kuna da yawa ku ɗauki shata, ku yi ciniki har da jira da dawowa, kuma kar ku biya duka sai an dawo. Walili tana wajen kilomita 30 ne arewa da Miknas. Walili kangon birnin Rumawa ne, ginshiƙai a tsaye, ƙofar girmamawa da aka gina wa Sarki Karakalla a 217, wuraren matsar man zaitun, da daɓen gidaje da aka yi wa zane da ƙananan duwatsu masu launi har yau suna nan a inda aka shimfiɗa su. A nan ne Idris na farko, daga zuriyar Sayyidina Hasan, ya sauka a 788 bayan ya tsira daga yaƙin Fakhkh kusa da Makka, Barbarawan wurin suka yi masa mubaya'a. Kabarinsa yana garin da ke kan dutse can gaba kaɗan, kana hango farin garin daga kangon. Ka yi azahar a can, ka ci nama gashi a dandalin, in ƙafa da sauran ƙarfi ka hau saman gari.

Miknas kuma da yamma ta fi daɗi. Maulay Isma'il da ya yi mulki daga 1672 zuwa 1727 shi ya maida ta babban birninsa ya zagaye ta da bango mai kauri, ka ga ƙofar Bab Mansur da dandalin Hadim da ke gabanta, da kabarinsa, da manyan rumbunan hatsi na Hari Suwani. An daɗe ana gyare-gyare a wuraren tarihin garin, ka tambaya wanne ne a buɗe kafin ka biya kuɗin keken doki. Kasuwarta ta fi ta Fas sauƙin hayaniya, zaitun da kayan zaƙi a nan zaka saya.

Fita ta biyu ta kan duwatsu ce, kudu. Ifran tana wajen kilomita 65, Faransawa suka gina ta a 1929 a tudu mai tsayin sama da mita 1,600, gidaje masu rufi mai tsini irin na Turai, da hunturu dusar ƙanƙara take zuba. Gaskiya garin kansa awa ɗaya ya ishe shi, a yi hoto da zakin dutse a sha shayi a wuce, sai dai in yara basu taɓa ganin ƙanƙara ba. Abin zuwa shi ne dajin da ke tsakaninta da Azru, dogayen itatuwa da birai marasa wutsiya, ku riƙe ledar abinci da kyau don fizge suke. Ko da zafi ne ka tafi da rigar sanyi.

Wadda na fi so kuma mutane ba sa zuwa ita ce Safru, kilomita 30 kacal, ita ma ƙaramin gari ne mai ganuwa da rafi ya ratsa tsakiyarsa, ba mai binka ba mai ja maka riga, a Yuni suke bikin 'ya'yan ceri. Kusa da ita akwai ƙauyen Bahalil inda wasu gidajen a cikin kogon dutse suke, mata suna zaune a ƙofar gida suna saƙa maɓallan jallabiya. Rabin yini ya isa, ragowar in da dattijai a tafiyar a kai su ruwan zafi na Maulay Yaƙub su gasa jiki. Masu shirya yawo zasu yi ta tallata maka tafiya Sahara hawan raƙumi, awa bakwai zuwa takwas a mota, mu da muka baro raƙuma a gida ban ga dalili ba. Shafshawan, garin nan mai shuɗin fenti, tana da kyau amma awa huɗu ce a bas ɗin kamfanin CTM, sai dai a kwana, zuwa da dawowa a yini ɗaya wahala ce kawai.

Sayayya ka bar ta ranar ƙarshe, lokacin ka riga ka ga farashi a wurare da yawa. Ciniki dai ka iya shi tun daga gida, ka taya ƙasa sosai, in bai sallama ba ka juya, sau da yawa zai kira ka. Ka tabbatar dirhami yake nufi, don wasu tsofaffi da riyal suke lissafi, riyal ashirin dirhami ɗaya, sai ka ji adadi ya yi maka tsawa alhali ba komai ba ne. Jakar fata ka shinshina, in tana wari a shago a gida ma haka zata yi ta yi. Kwanukan tangaran masu shuɗin zane ka sa a naɗe maka su da kyau ka riƙe a jakar hannu, man argan da zuma kuwa cikin babban akwati. Ka auna kayanka tun a masauki, ka canza ragowar dirhaminka kafin ka wuce jami'an shige da fice don a gida ba mai karɓa, kuma in jirginka na safe ne ka koma Kazablanka tun daren jiya ka kwana can.